Karl Ernst von Baer, Mutumin da Ya Fara Ganin Ƙwan Dabba Mai Shayarwa

Babu yaron da bai san ƙwan kaza ba. Ana ɗauko shi a akurki, a saye shi a kasuwa, a fasa a ga gwaiduwa da farin ruwa. Haka ma ƙwan zabuwa da na ƙadangare da na kifi, duk ido yana ganinsu. To, saniya fa? Ita da akuya da tunkiya, har da ɗan Adam kansa, ba sa saka ƙwai. Haihuwa suke yi, su shayar da 'ya'yansu nono. Shin akwai ƙwai a cikin jikinsu, ko kuwa daga wani ruwa ne ɗan tayi yake haɗuwa? Yau ɗalibin ƙaramar sakandare zai amsa wannan tambaya ba tare da dogon tunani ba, amma ta gagari manyan likitocin Turai fiye da shekara 170. Wanda ya warware ta shi ne Karl Ernst von Baer.

An haifi Baer ranar 28 ga Fabrairu, 1792, a wani babban gandu da ake kira Piep a ƙasar Estoniya, wadda a lokacin take ƙarƙashin Daular Rasha. Iyayensa Jamusawa ne, daga cikin masu filaye waɗanda kakanninsu suka zauna a gaɓar Tekun Baltik tun ɗaruruwan shekaru. Su ne masu ƙasa. Estoniyawa 'yan asalin wurin kuwa talakawa ne masu yi musu noma, doka ta ɗaure su a gonakin iyayengijinsu, ba su da ikon tashi su koma wani wuri. Su goma ne a ɗakinsu Baer. Da yake baffansa bai sami haihuwa ba, sai aka ba shi riƙon yaron tun yana ƙarami. A gidan baffan ya tashi yana yawo cikin lambu da jeji, har ya kai shekara 7 bai san baƙi da wasali ba. Sai da ya koma gidan mahaifinsa aka ɗaukar masa malami. Daga 1807 zuwa 1810 ya yi makaranta a birnin Reval, wanda yanzu ake kira Tallinn, sa'an nan ya shiga Jami'ar Dorpat, wato Tartu ta yau, don koyon aikin likita.

Yana cikin karatu ne Napoleon na Faransa ya kawo wa Rasha yaƙi a 1812. Baer ya bi wasu ɗalibai zuwa birnin Riga don su taimaka a asibitocin soja. Can ya tarar da marasa lafiya sun fi ƙarfin likitoci, shi ma ya kamu da zazzaɓin taifus, wanda kwarkwata take yaɗawa, har ya kusa rasa ransa. Ya warke, ya koma jami'a, ya kammala a 1814 da kundi a kan cututtukan da suka addabi Estoniyawa. Amma zuciyarsa ba ta kwanta da aikin likita ba. Ya tafi Balin da Biyana neman ƙarin ilimi, sai ya ga likitocin zamanin galibi zato suke bi, ba su san ainihin abin da yake warkar da mutum ko ya kashe shi ba. A Biyana ya fi samun natsuwa idan ya hau duwatsu yana tsintar tsirrai fiye da idan yana zagayen ɗakin majinyata.

Hanyarsa ta buɗe a 1815, sa'ad da ya isa garin Wurzburg na Jamus wurin wani malami mai suna Ignaz Dollinger. Baer ya zo ne da niyyar sauraren lacca a kan ƙirar jikin dabbobi. Dollinger ya nuna masa cewa lacca ba ita ce abin nema ba, ya je ya samo kowace irin dabba ya feɗe da hannunsa. Baer ya shiga kantin magani ya sayo matsattsaku, domin a zamanin nan likitoci suna amfani da ita wajen zuƙe jinin majinyaci. Da wannan 'yar halitta ya fara. Malamin yana zaune gefe yana nasa aikin, jifa-jifa ya leƙo ya gyara masa riƙon wuƙa. Cikin 'yan makonni saurayin ya gane cewa ya sami abin da zai yi har ƙarshen ransa.

A Wurzburg ɗin ne abokinsa Christian Pander, ɗan wani attajiri na Riga, ya shiga nazarin yadda ɗan tsako yake ginuwa a cikin ƙwai. Aiki ne mai cin kuɗi, saboda sai an ɗumama ƙwayaye masu ɗimbin yawa, ana fasa su awa bayan awa. Pander ya buga sakamakonsa a 1817, inda ya nuna cewa jikin tsako daga wasu siraran shimfiɗu uku yake farawa. Baer ba shi da irin wannan dukiya, dole ya nemi aikin albashi. A shekarar ce tsohon malaminsa na Dorpat, Karl Friedrich Burdach, ya kira shi zuwa Jami'ar Konigsberg, birnin da yanzu ake kira Kaliningrad, ya zama mataimakinsa a ɗakin fiɗa. Nan ya zauna shekara 17. Ya auri Auguste von Medem a 1820, suka haifi 'ya'ya shida, ya kafa gidan adana dabbobi na jami'ar, ya kai matsayin farfesa. Idan ya tashi daga koyarwa kuma sai ya koma kan ƙwan kaza, ya ɗora daga inda Pander ya tsaya.

Kafin mu zo ga abin da ya gano, ya kamata mu san inda magabatansa suka tuntuɓe. William Harvey na Ingila, wanda ya bayyana yadda jini yake zagaya jiki, ya buga littafi a 1651 yana mai ra'ayin cewa kowace dabba daga ƙwai take. Sarki Charles na Ɗaya ya ba shi izinin feɗe bareyin gandun sarauta bayan barbara, amma ya duba mahaifarsu bai ga ƙwai ba. A 1672 wani matashin likita na Holan, Regnier de Graaf, ya matsa kusa. A jikin kowace mace mai shayarwa akwai gidan ƙwai guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne da siririn bututu da ya nufi mahaifa. De Graaf ya lura da wasu ƙananan jakunkuna masu ruwa a jikin gidan ƙwan zomo, kamar bororon ƙuna, ya kuma ga cewa bayan barbara wasunsu suna fashewa. Sai ya ɗauka su ne ƙwayayen. Abu ɗaya ya dame shi: 'yan dunƙulen da ya tsinta a cikin bututu sun fi jakunkunan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Yaya ƙwai zai ragu bayan ya fito? Bai warware wannan ba ya rasu a 1673, yana da shekara 32. Har yau da sunansa ake kiran jakar, wato jakar Graaf.

A tsakiyar ƙarni na 18 sai Albrecht von Haller, wanda ake ganin babu kamarsa a ilimin aikin jiki, ya feɗe tumaki kusan 40. Bai ga komai a mahaifarsu ba sai bayan fiye da mako biyu da barbara. Saboda haka ya yanke hukunci cewa ruwa ne kawai yake fitowa daga jakar Graaf, ya gangara mahaifa ya daskare, kamar yadda madara take zama kindirmo. Girman sunan Haller ya sa maganar ta zauna daram. William Cruikshank na Ingila ya ga 'yan ƙwayaye a bututun zomo a 1797, Prevost da Dumas kuma sun hangi wani abu makamancin haka a jikin karnuka a 1824, amma babu wanda ya iya cewa ga inda suka fito. Idan babban malami ya ce babu abu, ƙananan malamai sukan daina nema, ko su gani su yi shakkar idonsu.

Dabarar Baer ita ce bin sawu da baya, kamar mai neman ɓatacciyar dabba da ya fara daga inda aka gan ta ƙarshe. Ya fara da ɗan tayin kare wanda ya riga ya bayyana a mahaifa. Daga nan ya nemi wanda bai kai shi kwanaki ba, sa'an nan wanda bai kai wannan ba. Kowane mataki abin yana ƙara ƙanƙancewa, har ya bar mahaifa ya shiga bututu, inda ya tarar da wani ɗan ɗigo mai duhu, ba mai ruwa garau ba kamar jakar Graaf. Yanzu ya san kamannin abin da yake nema. Saura ya same shi a cikin gidan ƙwai tun bai fito ba, kuma wannan yana bukatar karya wadda ba ta daɗe da shiga lokacin barbara ba. Masu koyon Hausa su lura: karya ita ce macen kare, ƙarya mai lanƙwasa kuwa ita ce kishiyar gaskiya. Burdach yana da irin wannan karya a gidansa, ya kuwa sadaukar da ita.

Wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu na 1827 aka yi fiɗar. Baer yana duban gidan ƙwan da idonsa kawai, ba tare da wata na'ura ba, sai ya hangi wani ɗigo mai launin rawaya-rawaya a cikin wata jaka. Ya duba ta kusa da ita, ya ga irinsa. Ya duba sauran, kusan kowace tana da shi, kuma guda ɗaya tak. Ya tsaga jakar, ya ɗauko ɗigon da tsinin wuƙa, ya sa a ɗan ruwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Abin da ya gani shi ne ɗan dunƙule mai iyaka sarai, irin wanda ya riga ya sani a cikin bututu. A tarihin rayuwarsa da ya rubuta da tsufa ya ba da labarin cewa ya ja da baya kamar wanda aradu ta faɗa wa, sai da ya huta kafin ya iya sake leƙawa, don tsoron kada idonsa ne yake yaudararsa. Ashe ƙwan yana cikin jakar, jakar kuwa ɗakinsa ce kawai. De Graaf ya ga ɗaki ya ɗauka shi ne mai ɗakin.

Akwai sa'a a cikin lamarin, ba za a musa ba. Ƙwan kare cike yake da ɗigon kitse, shi ya sa yake da duhu har ido ya iya tsinkayarsa. Na mutum da na wasu dabbobi kusan garau suke kamar ruwan da suke ciki. Amma sa'ar ta sami wanda ya riga ya san abin da yake nema. Baer bai tsaya kan kare ba. Ya bi alade da tunkiya da saniya da zomo, ya duba na ɗan Adam, ko'ina ya sami ƙwan a mazauninsa. Ya rubuta sakamakon da Latinanci a matsayin wasiƙa zuwa ga Majalisar Masana Kimiyya ta St. Petersburg, wadda ta zaɓe shi wakilinta shekara guda kafin nan. An buga wasiƙar a birnin Leipzig da kwanan shekarar 1827, 'yar ƙarama ce mai shafi kimanin 40, a kan asalin ƙwan dabbobi masu shayarwa da na mutum.

Ya zaci duniya za ta girgiza, sai ya ji shiru. A watan Satumba na 1828 masana halitta da likitoci suka yi babban taro a Balin. Baer ya halarta, kwanaki suna wucewa babu wanda ya tayar da zancen, shi kuma girman kai ya hana shi tallata kansa. Sai a ranar ƙarshe wani masani daga Suwidin, Anders Retzius, ya roƙe shi ya nuna musu. Aka samo karya, ya feɗe a gabansu, suka leƙa madubin ɗaya bayan ɗaya. Gani ya kori ji.

Sai dai ganin abu daban, sanin cikinsa daban. Baer ya siffanta abin da yake kewaye da ƙwan da kyau. Shi ya raɗa wa tantanin da ya lulluɓe shi suna zona pellucida, wato ɗamara mai ɗaukar haske, sunan da likitoci suke amfani da shi har gobe. Ya kuma bayyana ɗan tudun da ƙwan yake zaune a kansa a jikin bangon jakar. Amma da ya zo fassara, sai ya kauce. Shekara biyu kafin nan, a 1825, Jan Purkinje ya gano wani ɗan kumfa a cikin gwaiduwar ƙwan kaza tun yana gidan ƙwai. Baer ya ɗauka cewa ƙwan dabba mai shayarwa gaba ɗayansa shi ne takwaran wannan kumfa, jakar Graaf kuma ita ce takwarar ƙwan kaza, wato ƙwai a cikin ƙwai. Ba haka ba ne. A tsakiyar shekarun 1830 Victor Coste a Faransa da Thomas Wharton Jones a Ingila suka nuna cewa ƙwan dabba mai shayarwa shi ma yana da nasa kumfan a ciki, Rudolf Wagner kuma ya ga wani ɗan tabo a cikin kumfan. Sai a 1838 da 1839 Schleiden da Schwann suka fito da bayanin cewa jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta. Daga nan a hankali aka gane cewa ƙwai ƙwayar halitta ce guda ɗaya, kumfan Purkinje kuwa cibiyarta ce. Ba daidai ba ne a zargi Baer da jahiltar abin da ba a riga an sani ba, amma kuskuren nasa yana nan a rubuce.

Abin da aka sani yanzu game da girman wannan ɗigo ya wuce duk abin da madubinsa zai iya nunawa. Mu ɗauki ɗan Adam. Tun 'ya mace tana cikin mahaifiyarta ƙwayoyin da za su zama ƙwai suke taruwa a gidan ƙwanta, suna rarrabuwa, har su kai miliyan 6 zuwa 7 a wajen wata na biyar na ciki. Daga nan sai raguwa. Ana haihuwarta da miliyan 1 zuwa 2, lokacin balaga kuma saura kimanin 300,000 zuwa 400,000. Cikin waɗannan duka, waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran a ciki suke shanyewa.

Kowane ƙwai yana fara wata rabuwa ta musamman tun kafin haihuwa, sa'an nan ya tsaya cak a tsakiyarta. Haka zai zauna shekara 12, ko 30, ko fiye da 40, a lulluɓe da layi ɗaya na shimfiɗaɗɗun ƙwayoyin halitta masu yi masa hidima. Idan lokacinsa ya yi, masu hidimar nan sai su kumbura, su hayayyafa su zama layi-layi. Tsakaninsu da ƙwan sai ɗamarar nan da Baer ya raɗa wa suna ta ginu. Ba ta raba su ba, domin masu hidimar suna miƙa wasu siraran zarurruka ta cikinta, suna ɗura wa ƙwan abinci da saƙonni. Daga baya ruwa ya fara taruwa a tsakanin layukan, ya haɗe ya zama kogo guda, ya tura ƙwan gefe a kan ɗan tudunsa. Wannan ita ce jakar Graaf. Idan ta cika takan kai faɗin santimita 2, alhali ƙwan da ke cikinta bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita da kaɗan ba. Jakar ta fi shi faɗi fiye da sau 150, shi ya sa aka yi ta kallonta shekara da shekaru ba a lura da shi ba.

A cikin ƙwan kansa ma aiki ake yi ba dare ba rana. Yana ƙara girma ninki-ninki, yana tara guzurin da ɗan tayi zai rayu da shi a kwanakin farko kafin ya kama jikin mahaifa. Akwai wasu 'yan gaɓoɓi da ake kira mitokondiriya, waɗanda suke kamar murhun ƙwayar halitta, su ne suke juya abinci ya zama ƙarfi. Da farko a dunƙule suke kusa da cibiya, sa'an nan su yawaita har su haura 100,000, su bazu ko'ina. Daga uwa kaɗai ɗa yake gadonsu. Wasu 'yan ƙunshi kuma suna ƙaura daga tsakiya su jeru a ƙarƙashin fatar ƙwan, kamar dogarai a bakin ƙofa. Da zarar ƙwayar maniyyi ɗaya ta shiga, sai su fashe, su zubo abin da zai taurara ɗamarar don kada ta biyu ta samu hanya. Gab da fitowar ƙwan, bangon cibiya yana narkewa, rabuwar nan da ta tsaya tun kafin haihuwa ta ci gaba, a ware rabin zarurrukan gado a jefar da su cikin wani ɗan ƙullutu a gefe. Sai maniyyi ya shiga ake ƙarasa rabuwar. Ta haka uwa take ba da zaren gado 23, uba ya ba da 23, su haɗu su zama 46. Abin mamaki, karen da Baer ya yi aiki da shi ya saɓa wa yawancin dabbobi a nan: ƙwansa yana fitowa tun bai nuna ba, sai ya yi kwana biyu ko uku a bututu yake ƙarasawa.

Game da maniyyi ma Baer bai dace ba. Tun 1677 Leeuwenhoek ya ga 'yan halittu masu wutsiya suna iyo a cikinsa. Baer ne ya ba su sunan da ake kiransu da shi a harsunan Turai, amma ya ɗauke su tsutsotsi ne 'yan cin arziki, waɗanda ba su da hannu a samuwar ɗa.

Babban littafinsa a kan yadda dabbobi suke ginuwa ya fito kashi biyu, na farko a 1828, na biyu a 1837. A ciki ya faɗaɗa binciken Pander, ya nuna cewa shimfiɗun farko na ɗan tayi su ne suke naɗewa su zama ƙwaƙwalwa da hanji da tsoka da fata, ba a kaza kaɗai ba, a duk dabbobi masu ƙashin baya. Ya gano wata igiya da take miƙe a bayan kowane ɗan tayi kafin ƙashin baya ya samu. Ya kuma kafa ƙa'idar da ake koyarwa da sunansa: siffofin da dabbobi suka yi tarayya a kansu su ne suke fara bayyana, na bambanci su biyo baya. Ya ba da misali da wasu 'yan tayi biyu da ya ajiye a kwalba ya manta bai rubuta sunansu ba. Da ya dawo kansu, ya kasa faɗin ko na ƙadangare ne, ko na tsuntsu, ko na dabba mai shayarwa. Da wannan ya rushe ra'ayin masu cewa ɗan tayin mutum yakan zama kifi, sa'an nan ya zama ƙadangare, kafin ya zama mutum. Abin da yake kama da shi ɗan tayin kifi ne, ba kifin da ya girma ba.

Aikin ya ci lafiyarsa. Zaman wuri ɗaya a sunkuye ya lalata masa ciki da barci. Ya ba da labarin wata shekara da ya kulle kansa a ɗaki tun dusar ƙanƙara tana ƙasa, ranar da ya fita bayan gari kuwa sai ya tarar hatsi ya riga ya fid da kai. Ya zube a ƙasa yana zargin kansa da wauta. A 1834 ya tattara iyalinsa ya koma St. Petersburg, ya zama cikakken ɗan Majalisar Masana Kimiyya. Daga nan kusan ya bar nazarin ɗan tayi, yana da shekara 42 kacal, a daidai lokacin da wasu suka fara gina ilimi a kan tushen da ya kafa. Ko kashi na biyu na littafinsa ma bai kammala shi ba, mai ɗab'i ne ya gaji da jira ya buga abin da ke hannunsa.

Wanda ya yi shekaru a ɗaki sai ya zama matafiyi. A 1837 ya je tsibirin Novaya Zemlya a can arewa mai tsananin sanyi, yana tattara tsirrai da dabbobi. Ya yi nazarin ƙasar Saiberiya da ke daskare rani da damina. Yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Nazarin Ƙasa ta Rasha a 1845. Da kifi ya fara ƙaranci, gwamnati ta aike shi Tafkin Peipus, sa'an nan Kogin Volga da Tekun Kasfiyan daga 1853 zuwa 1856, ya binciki dalili. Ya nuna illar kama ƙananan kifaye da tare hanyar masu zuwa saka ƙwai, shawarwarinsa kuma suka shiga dokokin kamun kifi. A bakin Volga ya lura cewa gaɓar dama tudu ce, ta hagu kuwa fadama, sai ya danganta hakan da juyawar duniya, ko da yake masana na baya sun ga cewa wasu dalilan sun fi wannan ƙarfi. Ya tara ƙoƙunan kan mutane yana aunawa, kamar yadda masanan zamaninsa suke yi, amma ya tsaya a kan cewa 'yan Adam duka jinsi ɗaya ne.

Da Charles Darwin ya buga littafinsa a kan asalin jinsunan halittu a 1859, ya kafa hujja da kamannin 'yan tayi, har ya kawo labarin kwalbar nan da ba a rubuta wa suna ba. Baer bai ji daɗin haka ba. Ya yarda cewa jinsi yana iya sauyawa gwargwado, amma bai yarda cewa dace da gwagwarmayar rayuwa kaɗai za su iya gina halitta ba. Mutumin da ya yi shekaru yana kallon ƙwai yana tafiya mataki-mataki har ya zama tsako, ya tafi a kan cewa kowace halitta tana da inda ta nufa. Har ƙarshen ransa yana rubutu yana ja da Darwin.

A 1864 aka yi bikin cikarsa shekara 50 da zama likita, a 1867 kuma masanan Ingila suka ba shi lambar Copley. A shekarar ya koma Dorpat, garin da ya yi ɗalibta. Idanun da suka tsinkayi ɗigon da ya ɓace wa Harvey da Haller suka dushe, sai dai a karanta masa, ya yi shifta a rubuta. Ya rasu ranar 28 ga Nuwamba, 1876, yana da shekara 84. A wannan shekarar ce aka buga binciken Oscar Hertwig, wanda ya kalli ƙwan bushiyar teku ya ga cibiyar maniyyi tana haɗewa da cibiyar ƙwai.

Bayan shekara 10 da rasuwarsa aka kafa mutum-mutuminsa a kan tudun Toome a Tartu, yana zaune a kujera da littafi a cinyarsa. Da Estoniya ta sami 'yancin kai daga Tarayyar Sobiyet, jikokin manoman nan da kakanninsa suka mallaka sun sa hotonsa a takardar kuɗinsu ta kuron 2, wadda aka yi ta kashewa har ƙasar ta koma amfani da yuro a 2011. Kowace shekara kuma, a daren 30 ga Afrilu, ɗaliban jami'ar sukan hau tudun su wanke kan mutum-mutumin.